Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa ne?

Tsakanin Yamai da Jidda kimanin kilomita 4,000 ne. Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Cadi da Sudan, wasu har shekaru. Yau jirgin da bai yada zango ba, awa 5 zuwa 6 ya isa.

To amma ku lura, agogon Jidda yana gaban namu da awa 2, kuma lokacin saukar da ke kan tikiti na can ne. Ku ne masu karanta wa iyayenmu takardu. Ku tuna musu, da sun sauka su gyara agogo, kar ranar dawowa jirgi ya tashi ya bar su. Allah ya kai su lafiya.