Wanda Aka Ciza Kada Ya Koma Mai Cizo



An umarce ni in yi magana a kan halin da ƙannenmu suke ciki na neman aiki bayan sun gama jami'a. Ina neman izinin malamai in bi ta wata hanya da ba a saba ba, wato ta finafinan ban tsoro na Turawa, inda ake nuna gawa tana tashi da dare tana shan jinin mutane.

Tushen yawancinsu shi ne littafin Dracula, wanda Bram Stoker ya wallafa a 1897. Jamusawa sun yi fim ɗin Nosferatu a 1922, Amurkawa suka yi nasu a 1931 da Bela Lugosi, a Ingila kuma aka yi wani a 1958 da Christopher Lee.

A fim ɗin 1931, labarin ya fara ne da wani lauya mai suna Renfield, wanda ya tafi yankin Transylvania da takardun hayar gida domin Dirakula ya sa hannu. Mutanen ƙauye suka gargaɗe shi, ya ce aiki ne ya kawo shi. Daga nan ya zama bawan Dirakula, ya haukace, yana cin ƙudaje, yana yi wa ubangidansa hidima. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ƙarshe ubangidan ne ya kashe shi da hannunsa.

Akwai kuma wata budurwa, Lucy. Ba ta yi laifin komai ba, aka sha jininta ta mutu. Da ta tashi, sai ta koma farautar ƙananan yara. To, jama'a, ga tambaya: wanda aka zalunta, ya juya yana zaluntar na ƙasa da shi, me za mu kira shi? Abin tausayi ne ko mai laifi? A ganina duka biyun ne, amma tausayin da muke masa ba ya wanke jinin yaran.

Yanzu mu dawo gida. Yaro ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, ya ɗauki fayil yana bin ofisoshi. Yau a ce maigida ya fita, gobe a ce babu gurbi, jibi wani ya ja shi gefe ya faɗa masa kuɗin takardar ɗaukar aiki. Mahaifinsa ya sayar da gona aka biya. Ranar da wannan yaro ya zauna a kujera, zuciyarsa za ta ce masa ya fanshe a kan wanda ya zo bayansa. Ta haka cizon yake yaɗuwa.

A fim ɗin nan, Farfesa Van Helsing ya gane Dirakula ne saboda surarsa ba ta fita a madubi. Mai karɓar cin hanci daga hannun marar aiki shi ma ya daina ganin kansa.

Saboda haka roƙona biyu ne. Mu da Allah ya ba kujera, kada mu karɓi ko kwabo daga mai neman aiki, kuma idan gurbi ya samu mu sanar da sakataren ƙungiya domin kowa ya nema a fili. Ku kuma ƙannenmu, ɓacin ranku gaskiya ne, amma ku kama sana'a komai ƙanƙantarta kafin aikin ya zo, kada ku sayi kujerar da za ta mai da ku abin da kuke tsinewa a yau.