BA A CINIKIN BIRI A SAMA: JAWABI KAN WAKILTA WANI YA DUBO GONA KO GIDA

A zaman ta'alim na mako-mako da 'yan uwa suke yi bayan sallar La'asar a garin Paki, cikin ƙaramar hukumar Ikara, Malamin da ke ba da karatu ya ajiye littafin da aka saba, ya gabatar da jawabi kan wata mas'ala da ya ce ta soma raba zumunci tsakanin matasa. Mas'alar kuwa ita ce ta mutumin da ke nesa da gida ya wakilta wani ya dubo masa gona ko fili ko gida kafin ya biya kuɗi. Zaman ya samu halartar 'yan uwa daga Ikara da Makarfi da Hunkuyi. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzo (S), Malam ya ce abin da ya jawo wannan magana wani sulhu ne da aka kira shi ya yi, wanda har yanzu bai kammalu ba. Ya ce ba zai ambaci suna ba, domin gyara ake nufi. Wani ɗan uwa ne da ke dakon kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya shekara uku yana tara kuɗi, yana kwana a rumfa, da burin ya sayi gona a gida ya dawo ya yi aure. Da aka yi masa tallar wata gona sai ya buga wa abokinsa waya, wanda tare suka yi Islamiyya, ya ce ya je ya gano masa. Abokin ya tafi cikin rani, ya tsaya a bakin hanya ko daga kan babur bai sauka ba, dillali ya nuna masa da hannu, ya ɗauki hoto ya tura, ya ce wuri ya yi. Aka biya kuɗi. Da damina ta yi nisa sai ga shi rabin gonar kwari ne, ruwa yana kwanciya har gwiwa. Bayan haka wata ƙanwar mai sayarwa da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba a fitar mata da gadonta ba. Daga ƙarshe ta bayyana cewa mai gonar ya ba wakilin wani abu ya sa a aljihu. Malam ya ce a yau waɗannan mutum biyu in ɗaya ya shiga sahu, ɗayan sai ya canza gefe, iyayensu mata ma sun daina gaisawa.

Ya ce da aka zauna, wakilin ya rantse bai yi ƙarya ba, kuma lallai bai ce ya zagaya gonar ba. Amma ya bari an ɗauka ya zagaya, kuma a kan wannan zaton ne ɗan uwansa ya zuba gumin shekara uku.

ASALIN WAKILCI A SHARI'A

Malam ya bayyana cewa wakilci halal ne, kuma rahama ce daga Allah, tunda ba kowa ke iya zuwa ko'ina da ƙafarsa ba. Ya ce malamai sun kafa hujja da ƙissar As'habul Kahfi, waɗanda da suka farka suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa, suka kuma gindaya masa cewa ya duba abincin da ya fi tsarki kafin ya sayo. Ya ce 'yan uwa su lura, dubawa aka fara ambata kafin saye.

Ya kuma kawo hadisin Urwatul Bariƙi (RA) da ke cikin Bukhari, wanda Manzon Allah (S) ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya je ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya ga kuma dinari, sai Manzo (S) ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Malam ya ce Urwa shi kaɗai ya san akwai wannan dinarin, da ya so da ya yi shiru, amma ya kawo shi gaban wanda ya aike shi. Wannan shi ne ma'aunin wakili.

SAYEN ABIN DA BA A GANI BA

Da ya juya kan hukuncin sayen abin da ke nesa, Malam ya ce littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa. Sai dai bai yarda a shardanta biyan kuɗi tun da wuri ba, in ba abin yana kusa ba, ko kuwa irin abin da ba ya saurin canzawa ne, kamar gida da ƙasa da itace. Ya ce masu sharhin Mukhtasar na Khalil sun ƙara da cewa in za a shardanta biyan kuɗin, to siffar ta fito daga bakin wani ba mai sayarwa ba, domin mai kaya ba ya kushe kayansa. Saboda haka ingancin cinikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan gaskiyar mai siffantawa. In wakili ya je ya kwaso maganar dillali ya kawo, to siffar ta mai sayarwa ce, an dai canza mata baki ne kawai.

Ya ce irin wannan ta faru tun zamanin Sahabbai. Sayyidina Usman bin Affan da Ɗalha bin Ubaidullah (RA) sun yi cinikin wata ƙasa da ke Iraƙi alhali suna Madina. Kowannensu ya ce shi ke da zaɓin fasawa, ɗaya don ya sayar bai gani ba, ɗaya don ya saya bai gani ba. Suka sa Jubairu bin Muɗ'im (RA) ya raba gardama, ya yanke cewa zaɓi na mai saye ne, wato Ɗalha. A kan wannan ne Hanafiyya suka gina abin da ake kira zaɓin gani. Sun kuma bambanta tsakanin wanda aka wakilta ya saya da wanda aka aika da saƙo kawai. Ganin na farko yana matsayin ganin mai kuɗi, ya gani ya yarda magana ta ƙare, amma ganin ɗan aike ba ya zubar da zaɓin mai saye. Malam ya ce darasin da ke nan shi ne tun kafin a tashi a fayyace: dubowa za a yi a kawo labari, ko kuwa an ba da wuƙa da nama? Yawancin rigingimun da ake kawo masa daga wannan gaɓar suke tasowa.

ABIN DA YA HAU KAN WAKILI

Daga nan sai Malam ya kawo hadisin da ke cikin Muslim, inda Manzo (S) ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tsawatar wa mai shi a kan algus. Ya ce Manzo (S) bai wadatu da ganin saman tarin ba, shi ma wakili haka zai cusa hannu.

In gona ce, ya ce wakili ya sauka ya taka ta kusurwa huɗu da ƙafarsa, tare da maƙwabtan gonar, kowa ya nuna iyakarsa a gaban ɗan uwansa. Ya duba ƙasar, jigawa ce ko laka ko fako, ya tambaya ko wuta-wuta ta kama ta. In da rani ya je, to ya sani rani ba ya nuna halin gona, sai ya tambayi wanda ya noma ta bara inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Ya ce a wannan yanki namu na masu rake da tumatir, fadama tsada gare ta, kuma sau da yawa akan kira wuri fadama alhali ruwansa ba ya kai tsakiyar rani. Ya duba ko burtali ya ratsa ta ko ya yi gefenta, don kada ɗan uwa ya sayi faɗa da makiyaya da kuɗinsa. Ya tambayi itatuwan da ke ciki, ɗorawa da kuka da mangwaro, tunda a al'adarmu yana yiwuwa gona ta wani ce, itace kuma na wani.

Sannan sai asalin gonar. Ta yaya ta zo hannun mai sayarwa? Saye ya yi, ko gado, ko aro, ko jingina ce a hannunsa? In gado ce, an raba? Mata sun karɓi nasu? Marayu fa? Malam ya ɗaga murya a nan, ya tunatar da hadisin Sa'idu bin Zaid (RA) kan wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Ya ce wakilin da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin haƙƙin marainiya ya yi shiru don ciniki ya faɗa, ya san abin da ya taya ɗan uwansa ɗauka.

In kuwa gida ne, ya shiga kowane ɗaki, ya ɗaga kai ya ga rufi, ya duba gindin katanga ko tana tsatsafo, ya leƙa rijiya da masai, ya ga inda ruwan gidan ke fita da inda na maƙwabta ke bi. Ya kuma je wurin mai unguwa, in ta kama har dagaci, kafin ya buɗe baki ya ce wuri ya yi.

KUƊIN GORO

Game da abin da mai sayarwa ke damƙa wa wakili a ɓoye, Malam ya kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzo (S) ya hau mimbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ya ce mai gona bai ba ka don yana son ka ba, idonka ya saya. La'adar dillali da kowa ya sani daban take, haka ladan wahala da mai aike ya yanka wa wakilinsa, duk waɗannan halal ne. Amma mutum ɗaya ya ci nan ya ci can, wanda ya aike shi bai sani ba, wannan ha'inci ne ko da an kira shi goro.

ABIN DA YA HAU KAN MAI AIKE

Malam ya ce shi ma mai kuɗi yana da nasa. Ya zaɓi mai gaskiya wanda kuma ya san ƙasa, domin yawan azumi da zuwa ta'alim ba ya sa mutum ya gane gonar da ke cin taki. Ya biya masa kuɗin mai da na wahala, kada ya bar shi da buƙata a gaban mai sayarwa. Ya faɗa masa abin da yake so dalla-dalla da iyakar kuɗin da zai iya. A rubuta takarda, a sa iyakoki da sunayen maƙwabta da shaidu, a rubuta cewa in an tarar da saɓanin abin da aka siffanta za a mayar da kuɗi. Ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa. Saboda haka duk wanda aka ce a rubuta ya ce an raina shi, to ya binciki zuciyarsa.

A ƙarshe Malam ya ce 'yan uwa su ne ke kira a koma wa tsarin Allah, kuma mutanen gari suna auna wannan kira ne da abin da suka gani a kasuwa da gona. Tsohon da ya ji an ce ɗan uwa ya cuci ɗan uwansa a kan kadada ɗaya, da wane baki za a ce masa ya miƙa wa irin waɗannan mutane al'amarin al'umma? Ya ce wanda ya san ba zai iya sauka daga babur ba, ya ce ba shi da lokaci, wannan ba laifi ba ne.

TAMBAYOYI

Wani ɗan uwa daga Makarfi ya tambaya ko bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ya wadatar. Malam ya amsa cewa yana taimakawa, amma waya tana nuna inda mai riƙe da ita ya juya ta ne kawai, ba ta nuna magada, ba ta nuna damina.

Wani kuma ya tambaya ko wakili zai biya asarar da aka yi. Malam ya ce asali wakili amintacce ne, ba ya biya in ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka iyakance masa, to malamai sun ɗora masa lamuni, alƙali ne kuma zai ƙaddara gwargwadonsa.

An kuma tambaya game da takardar hukuma. Malam ya ce dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ke rajistar filaye, don haka mai sayen fili a cikin gari ya binciki takardarsa a can don kare kansa. Amma gonakin ƙauye yawanci shaidarsu tana bakin maƙwabta da mai unguwa, kuma takarda ba ta halatta haƙƙin wani.

An rufe zaman da addu'a gab da Magariba, bayan Malam ya nemi 'yan uwa su sa mutanen nan biyu a addu'a, domin za a sake zama da su bayan sallar Juma'a.