Hunturu da Toshewar Hanci: Abin da Gida Ke Iya Yi, da Inda Ikonsa Ya Ƙare

 

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso mana ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iskar busasshiya ce, ga sanyi, ga hazo. A wannan lokaci ne za ka tarar da shagon kemis cike da mutane, kowa riƙe da goshi yana cewa, "Kaina ya yi nauyi, hanci ya toshe, a ba ni mai ƙarfi." Wannan "mai ƙarfi" shi ne dalilin tsayuwata a gabanku yau, domin galibin masu nemansa ba su da bukatarsa.

Mu fara da sanin inda ciwon yake. A cikin ƙasusuwan fuskarmu akwai koguna masu iska, iri huɗu, kowane iri dama da hagu: a goshi, a kumatu, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane kogo yana samar da majina mai ruwa-ruwa, wadda ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, sannan wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani su tura ta waje ta wata siririyar kafa zuwa hanci. Idan mura ta kama mutum, ko ƙura da hayaƙi suka harzuƙa fatar cikin hanci, sai ta kumbura, kafar ta toshe. Kamar dai kwatar gida ce da shara ta cushe bakinta: ruwa na ci gaba da zuwa, mafita babu. Shi ya sa mai wannan larura ke jin nauyi a kumatu da goshi, wani lokaci har haƙoran sama, kuma ciwon kan ƙaru idan ya sunkuya, ko a ruku'u da sujada.

Mafi yawan lokuta ƙwayar bairas ce ke jawo wannan kumburi, kuma jiki kan ci ƙarfinta da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Magungunan antibiyotik irin su amoksisilin ba sa taɓa bairas ko kaɗan. Majina ta yi kore ko ruwan ɗorawa ma ba hujja ba ce ta shan su. Wanda ya sayi 'yan kafso ya haɗiya ya yi asarar kuɗi, ya kuma koya wa ƙwayoyin cutar jikinsa yadda za su bijire wa magani ranar da ake bukatarsa da gaske. Aikin gida abu biyu ne: a tsinka majina, a buɗe mata hanya.

Babu abin da ya kai wanke hanci da ruwan gishiri a wannan aiki. A tafasa rabin lita na ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a shafe ba tozo ba, a motsa ya narke. Gishiri kawai, kanwa ba ta da wuri a nan. Sai mutum ya wanke hannu, ya sunkuya a kan roba, ya karkata kai, ya tura ruwan a hankali cikin kafar hanci ta sama da sirinji marar allura, yana numfashi ta baki. Ruwan zai fito ta ɗaya kafar tare da majina da ƙura. A juya a yi ɗaya gefen, sau biyu a rana, kuma kullum a haɗa sabo. Ina jaddada tafasawar, domin ɗanyen ruwan rijiya, kududdufi ko tanki yana iya ɗauke da wata ƙwaya mai suna Naegleria fowleri, wadda kan bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Sai sirace, wanda iyayenmu suka daɗe suna yi. Wani bincike da aka gudanar a Ingila kan mutum 871 masu yawan fama da wannan larura, aka buga shi a 2016, ya nuna cewa wanke hanci da ruwan gishiri ya rage musu wahala, shi kuwa tururi ciwon kai kawai ya ɗan sassauta. Don haka babba yana iya yin sirace na minti goma da ruwan zafi a kwano, idan yana jin daɗinsa. Yara kuma a'a. Tukunyar tafasasshen ruwa, bargo a rufe, da yaro mai mutsu-mutsu, hanyar ƙuna ce kai tsaye.

Akwai ƙananan dabaru masu amfani. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora a goshi da kumatu. A yawaita shan ruwa ko da ba a jin ƙishi, domin sanyi kan ɓoye ƙishirwa. Shayin citta da lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, sai dai jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. A ƙara matashi lokacin kwanciya don kai ya ɗan ɗaga. A yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumi idan za a hau babur cikin hazo, a kuma nisanci hayaƙin itace, sigari, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki.

Game da magani, farasitamol ya wadatar ga ciwon: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Ku duba kwalin maganin mura, domin da yawa akwai farasitamol a ciki, kada a ninka ba a sani ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su guji ibufurofen sai da izinin likita, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Maganin ɗigawa ko fesawa a hanci irin su Otrivin yana buɗe hanci nan take, amma idan aka zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi, hancin kan koma toshewa fiye da da, mutum ya kasa rabuwa da kwalbar. Man zafi kuwa a ƙirji ake shafawa, ba a cusa shi cikin hanci, ba a kuma shafa wa ɗan ƙasa da shekara biyu.

Ga wani abu da ya kamata a sani. A wani bincike da aka buga a 2004, an duba kusan mutum 3,000 a Amurka da ke cewa ciwon kansu daga kogunan hanci yake, sai aka tarar kashi 88 cikin ɗari ciwon ɓarin kai ne ke damunsu. Idan kai yana sara a gefe guda, da tashin zuciya, da ƙin haske ko hayaniya, yana tafiya yana dawowa ba tare da mura ba, to ruwan gishiri ba zai yi maganinsa ba.

Yanzu inda ikon gida ya ƙare. A je asibiti idan an wuce kwana 10 babu sauƙi, ko an fara samun sauƙi sai ciwo ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi ya kai digiri 39. A garzaya ba jiran gari ya waye idan fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko gani ya rikice, ko wuya ya sanƙare, ko mutum ya fara sambatu. Muna zaune ne a yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma lokacinsa shi ne ranin nan mai ƙura. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba.

Roƙona gare ku, musamman iyaye mata da masu shagunan magani, shi ne ku koyar da haɗa ruwan gishiri yadda ya dace, ku daina miƙa antibiyotik ga duk mai mura, ku kuma haddace alamomin haɗarin nan ku sanar da maƙwabta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana ita.