Ƙananan Tarurrukan Masu Adana Tsofaffin Mujallun Araha a Amurka



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan waɗansu 'yan tarurruka da akan yi shekara shekara a waɗansu garuruwan Amurka, inda 'yan ɗaruruwan mutane sukan kama zauren otal na kwana biyu zuwa huɗu, su jera tebura, su baje tsofaffin mujallu da zane-zanen da aka yi wa bangunansu, su yi ta ciniki da musaya da muhawara. Wanda ya leƙa zauren zai ɗauka 'yan gwanjo ne ke cin kasuwarsu. Amma wani babban sashe na tarihin adabin Amurka a hannun waɗannan mutane ya tsira, a zamanin da dakunan karatu na jami'o'i suke ƙyamar ajiye shi.

Kafin a shiga zauren, ya kamata a san kayan da ake bajewa. Iri biyu ne. Na farko su ne mujallun ƙagaggun labarai da Amurkawa suke kira da kalmar nan pulp, watau jiƙaƙƙen garin itace wanda ake yin takarda mafi araha da shi. Wani maɗaba'i mai suna Frank Munsey ne ya buɗe wannan hanya cikin 1896, sa'ad da ya mai da mujallarsa Argosy ta zama labarai zalla, shafi 192, a kan santi 10. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Labarin Tarzan ya fara fitowa a All-Story cikin 1912; aka kafa Black Mask ta labarun 'yan sandan ciki cikin 1920, da Weird Tales ta labarun aljanu da ban tsoro cikin 1923, da Amazing Stories ta labarun kimiyya cikin 1926. Marubucin irin wannan mujalla yawanci santi ɗaya ake biyansa a kan kowace kalma, saboda haka wanda yake so ya ci abinci tilas ya yi ta zuba rubutu ba dare ba rana. Iri na biyu kuwa su ne mujallun labari cikin zane, waɗanda kasuwarsu ta bunƙasa bayan fitowar Superman a Action Comics ta farko cikin 1938, ita ma a kan santi 10.

Ba a yi waɗannan mujallu don a ajiye su ba. Takardar da aka buga su a kai tana ɗauke da ajalinta a jikinta, domin akwai wani sinadari na itace da ba a wanke shi daga cikinta ba, ga kuma asid. In ta sha haske da zafi sai ta yi jaja-jaja, sa'an nan ta bushe ta riƙa karyewa kamar ganyen kaka. Abin da takarda ba ta hallaka da kanta ba, mutane suka ƙarasa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an bi gida gida ana tara tsohuwar takarda don aikin yaƙi, mujallu masu ɗimbin yawa suka tafi ta nan. Bayan yaƙi kuma aka tashi da zargin cewa mujallun zane ne ke lalata tarbiyyar yara, har aka tara su aka cinna musu wuta a fili a garuruwa kamar Binghamton cikin 1948. Cikin 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana ɗora musu laifin kangarewar matasa, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun, masu ɗab'i kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa don gudun kada gwamnati ta kafa musu. Mujallun labarai su kuwa talabijin da ƙananan littattafai masu laushin bango ne suka ci kasuwarsu; kamfanin Street & Smith, ɗaya daga cikin manyansu, ya daina buga mafi yawan nasa cikin 1949.

Abin da ya sami zane-zanen ya fi wannan ban takaici. Kowane bango da mai saye ya gani a kanti, asalinsa hoto ne babba da wani gwani ya zauna ya yi da fenti a kan ƙyalle ko kwali. Da zarar an ɗauke shi a maɗaba'a, aikinsa ya ƙare a wurin kamfani. Waɗansu masu zanen ma kunyar aikin suke ji, suna ganin ba shi ne zanen da suka yi karatu dominsa ba, don haka ba su nemi a mayar musu ba. Robert Lesser, wanda ya shafe shekaru yana tara irin waɗannan hotuna, ya ba da labarin cewa bayan da kamfanin Condé Nast ya sayi Street & Smith cikin 1959, tarin zanen da aka gada a ƙarshe bakin titi aka zubar da shi tare da shara. Margaret Brundage ta Shikago, wadda ta yi wa Weird Tales bango fiye da 60 da alli mai launi, dala 90 ake ba ta a kan kowane ɗaya, ta kuma mutu cikin talauci a 1976. A ɓangaren mujallun zane ma haka abin yake. Jack Kirby, wanda da hannunsa aka gina yawancin jaruman kamfanin Marvel, sai da aka yi doguwar jayayya kafin a mayar masa da wajen shafi 2,000 na zanensa cikin 1987, wannan kuwa ɗan kaɗan ne daga abin da ya zana musu.

To, a cikin wannan hali ne masu tarawa suka fara neman juna. Da fari ta wasiƙa ne, da kuma 'yan ƙananan mujallu da suke gurzawa da kansu, irin Alter Ego wadda wani malamin jami'a a Detroit, Jerry Bails, ya fara cikin 1961. Cikin watan Yuli na 1964 aka yi wani zama na yini ɗaya a Niyok, mahalarta ba su da yawa, yawancinsu samari. A 1965 aka fara Detroit Triple Fan Fair; a 1967 masu sha'awar jihar Oklahoma suka kafa ƙungiyarsu. Taron San Diego da ya zama gagarau a duniya, shi ma haka ya faro cikin 1970, a otal ɗin U.S. Grant, da mutum wajen 300. Daga baya kamfanonin fim da na talabijin suka mamaye shi, mahalarta suka haura 130,000, mai tsohuwar mujalla ya koma ɗan rakiya a gidan da ya gina. Masu mujallun labarai suka yi nasu taron dabam, mai suna Pulpcon, wanda aka fara a St. Louis cikin 1972, daga baya ya fi zama a Dayton ta jihar Ohio a hannun wani dattijo, Rusty Hevelin.

Tsarin irin wannan taro ba shi da wuyar bayani. Zuciyarsa ita ce zauren dillalai. A kan tebura akwai dogayen akwatunan kwali, kowace mujalla cikin jakar leda da kwali a bayanta don kada ta lanƙwashe, a jikin bango kuma an jingina hotunan fenti. Mai saye yakan zo da jerin lambobin da suka rage masa, ya sunkuya yana bin akwati ɗaya ɗaya. In ya sami abin da yake nema sai ya zaro shi a hankali, ya duba ƙashin bayansa, ya ga ko an yi masa ɗori da gam ko an taɓa launinsa da alƙalami, ya buɗa tsakiya ya ga ko shafi ya cika, wani har ya sansana, domin warin takarda yakan faɗi inda ta kwana. Dillalin nan kuwa sau da yawa ya fi shekara talatin yana wannan harka, ya san wace fitowa ce ke da wuyar samu da kuma dalili. Da maraice a rufe zaure a koma sauraron jawabai, da dare kuma a yi gwanjo.

Wurin da ya kamata ɗalibin adabi ya tsaya ya yi nazari shi ne waɗannan jawabai na maraice da hirarrakin bakin tebur. Kamfanonin nan sun saba ɓoye marubuta a bayan sunan aro wanda kamfani ya mallaka, don in marubuci ya yi gardama a sauya shi mai karatu bai sani ba. Labarun The Shadow guda 325 duka da sunan Maxwell Grant suka fito, alhali fiye da 280 daga cikinsu Walter Gibson ne ya rubuta, sauran kuwa waɗansu ne. Na Doc Savage da sunan Kenneth Robeson suke, yawancinsu kuwa aikin Lester Dent ne. Wanda ya fi kowa gwaninta a zanen agwagin Disney, Carl Barks, shekara da shekaru masu karatu suna gane hannunsa ba su san sunansa ba, sai wajen 1960 masu sha'awa suka binciko shi. Warware irin wannan ƙulli aiki ne na haƙuri: a kwatanta salo da salo, a nemi takardun biyan kuɗi na kamfani, a tambayi wanda ya yi aikin tun yana da rai. Tarurrukan nan sun gayyato tsofaffin marubuta da masu zane da duniya ta manta da su, aka zaunar da su gaban jama'a, aka yi musu tambayoyi, aka rubuta amsoshinsu. Da an jira sai jami'o'i sun yarda cewa abin ya cancanci bincike, da yawancin dattawan nan sun riga sun kwanta dama da abin da suka sani.

Mai sauraro a nan ƙasar ba zai rasa abin kwatanci ba. Waɗanda suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna tune da mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda ake karɓa hannu hannu har ta yage, ko da yake ita da hotunan kyamara aka yi ta. Haka kuma littattafan kasuwar Kano da suka fara yawaita daga tsakiyar shekarun 1980, a kan takarda mai araha aka buga su, an kuma yi musu irin zargin da aka yi wa na Amurka. Wanda ya tashi neman bugun farko na ɗaya daga cikinsu zai gane abin da gara da damina suke yi wa takardar da ba ta da mai kula.

A koma Amurka, inda kuɗi ya shigo ya sauya fuskar al'amarin. Cikin 1970 Robert Overstreet ya fara fitar da littafin farashi, kowa ya san abin da kayansa zai yi a kasuwa. Cikin 1977 aka gano tarin wani mai zane, Edgar Church, a gidansa da ke Denver, dubban mujallun zane kamar jiya aka buga su, saboda sanyi da busasshiyar iskar garin. Tun daga nan lafiyar kwafi ta zama ita ce kuɗi. Cikin 2000 wani kamfani mai suna CGC ya fara duba mujalla ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sa'an nan ya rufe ta ruf a cikin akwatin roba mai haske. Cikin 2024 an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics ta farko a kan dala miliyan 6. Ba za a musa amfanin wannan tsari ba, gama ya rage ha'inci, ya kuma sa magada sun daina zubar da akwatunan iyayensu. Amma fa mujallar da aka rufe a roba ba ta karantuwa, in an fasa akwatin kuwa makin ya tashi. Mai ita ya mallaki bango da lamba, labarin da ke ciki kuwa ya zama kamar hatsin da aka liƙe a rumbu aka hana kowa ci. Wannan ciniki na manyan kuɗi a gidajen gwanjo da intanet ake yinsa. A ƙaramin taro ne har yanzu ɗalibi mai 'yan daloli zai iya sayen kwafin da bangonsa ya yage, ya koma ɗakinsa ya karanta, gobe ya dawo ya yi gardama da wanda ya sayar masa.

Sai dai su ma ƙananan tarurrukan suna da ciwon da ke cinsu daga ciki, watau tsufa. Mutanen da suka sayi waɗannan mujallu suna yara sun kusa ƙarewa, na bayansu ma furfura ta cika kansu. Pulpcon ya zauna shekaru da yawa kamar zaman 'yan gida ɗaya, bai cika fita neman sababbin fuskoki ba, mahalarta suka yi ta raguwa har ya tsaya bayan zaman 2008. Waɗansu daga cikin 'ya'yansa suka kafa PulpFest a Columbus cikin 2009, suka buɗe ƙofa ga baƙi da sababbin marubuta, daga baya suka koma kusa da Pittsburgh cikin 2017. A yankin Shikago kuma akwai Windy City Pulp and Paper Convention tun 2001, wanda ya yi suna wajen nunin ainihin zane-zanen bango. A gwanjon dare na irin waɗannan tarurruka, sau da yawa kayan da ake ɗagawa na wani ne da ya saba zama a zauren, iyalinsa suka aiko da akwatunansa bayan rasuwarsa. Abin da ya tara cikin shekara arba'in yakan watse cikin dare biyu, sai dai yawanci hannun waɗanda suka san darajarsa yake komawa.

Waɗansu tarin kuma ba su watse ba, jami'o'in da suka ƙi su da fari ne suka karɓa. Jami'ar Bowling Green ta buɗe ɗakin karatu na musamman don adabin talakawa cikin 1969. Jami'ar Jihar Ohio ta sayi tarin Bill Blackbeard, wanda ya yi ta kwashe tsofaffin jaridu masu labarun zane daga dakunan karatu da suke shirin zubar da su, nauyinsa ya kai tan 75. Hotunan Robert Lesser suna gidan adana zane na New Britain a jihar Connecticut. Shi kuwa Rusty Hevelin ya rasu cikin 2011, Jami'ar Iowa ta karɓi mujallunsa da takardunsa, cikin 2014 kuma ta ba da sanarwar fara ɗaukar hoton 'yan ƙananan mujallun da masu sha'awa suka gurza da hannunsu, guda 10,000, tana zuba su a kwamfuta don masu bincike.