Ruwan Garakenmu: Jawabi a Taron Gidauniyar Noman Rani, Zangon Kumasi



Mai girma Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Magajiya da iyayenmu mata, shugabannin kasuwa, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Mun gode da kuka baro rumfunanku ana tsakiyar ciniki.

Babu mai koya wa mutumin Zango darajar albasa. Tirelolin da ke sauke kaya a Kwadaso, da masu zarcewa Adjen Kotoku wajen Akara, mun san inda suka yi lodi: Galmi, Madawa, Ƙonni, wani lokaci har Agadas. Da yawanmu da buhun nan muka gina gida, muka aurar da 'ya'ya, muka sauke farali. To albasar nan ba damina ke haifar ta ba. Galibi sai ruwa ya ɗauke ake dasa ta, cikin sanyin hunturu, a yi ta ba ta ruwa wata uku zuwa huɗu kafin a cire. Duk buhun da muka buɗe, akwai wanda ya yi asubanci yana ɗago masa ruwa daga ƙasa.

Kakanninmu da jigo da guga suka yi wannan aiki. Bayan farin 1984, Shugaba Seyni Kountché ya tura jama'a garake da gaske, dattawan da ke nan za su tuna. Gwamnatoci sun gina madatsu: Mozage da Zango a kan Maggiya suna shayar da gonakin Ƙonni, ga Tiga da aka gama a 1974 tana shayar da Kadawa da Kura a Kano, ga Bakolori kusa da Talata Mafara. Sai dai madatsa ta wanda gonarsa ke bakin magudana ce. Sauran jama'a, kuma su ne mafi yawa, abin da suke da shi ƙaramar burtsatse a fadama, da tiyo, da injin ban-ruwa mai shan fetur.

Fetur ɗin nan ne ya karya su. Ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, kuma kowa ya san injinan ƙauyukan bakin iyaka da man Najeriya suke tashi. Ba a yi wata biyu cur ba aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyakoki, motoci suka tsaya a hanya kaya na ruɓewa. Mu a nan mun yi kukan tsadar buhu. Su can manomi ya rage fangali, wani ya kulle injin ya jingine a ɗaki.

Zan faɗi wata magana, Allah ya huci zuciyar wanda ta taɓa. Manomin da ba shi da kuɗin mai, wurin ɗan kasuwa yake zuwa ya karɓi bashi tun albasa na ganye, da sharaɗin sayar masa idan an cire. Lokacin cirewa kuwa, Maris da Afrilu, kasuwa cike take, buhu ba ya da daraja. Ɗan kasuwa ya ɓoye, bayan wata biyar ya sayar ninkin-ba-ninkin. Wasu cikin masu ba da bashin nan suna zaune tare da mu. Ban ce haramun suke ci ba, wannan hukuncin malamai ne. Amma manomin da kullum a haka yake fita ba zai taɓa tara kuɗin sabon inji ba, kuma ɗansa ne kuke gani a Aboabo da Asawase yana tura baro ko yankan farce, yana kwana a zaurukanmu da sunan ci-rani.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kwamitin gidauniyar nan ya ba da shawarar kuɗin da za mu tara su tafi wurin haƙa burtsatse da sayen injin sola, a kuma ware wani kaso don gina rudu na ajiyar albasa, domin ban-ruwa ba tare da ma'ajiya ba ƙara wa kasuwa arha ne kawai. Ba kyauta za mu bayar ba. Rance ne marar riba ga ƙungiyar manoma goma-goma da suka san juna, su tsaya wa juna, su biya bayan albasa ta yi kuɗi, kuɗin su wuce ga ƙauye na gaba. Inji na kyauta, ranar da ya lalace babu mai shi.

Ba kuma ƙauyen wanda ya fi ba da kuɗi za a fara ba, ko na wanda ya fi murya. Za a tura mutum biyu cikin bazara, lokacin da rijiyoyi suka fi ja da baya, su auna ruwa da igiya. Inda ruwa ya yi nisa ko ya yi kanwa, a haƙura. Sola ma tana da nata haɗarin: tunda rana ba a sayenta, mutum zai saki ruwa tun safe har la'asar, rijiyar maƙwabcinsa ta ƙafe. Dole kowace ƙungiya ta tsara wa kanta lokacin ban-ruwa. Sannan a rubuta takardar fili gaban maigari kafin a kafa bututu, musamman garaken mata masu zogale da kabeji da salak, don kada ruwa ya fito mai fili ya ce aronsa ya ƙare.

Batun amana, na san akwai waɗanda suka taɓa ba da kuɗi a wata gidauniya har yau ba su ji ɗuriyarsu ba. Wannan karon kuɗi banki za su shiga, ba sa fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikin mata, kuma za a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace Salla. Mai son ba da zakka ya fara tuntuɓar Malam Liman, littafinta daban ne, ba za a cuɗa ta da kuɗin rance ba.

Ma'aji yana teburin ƙofa da rasit, na mata yana wurin Magajiya. Sidi, sefa, naira, duk ana karɓa. Wanda kuɗinsa ke cikin kaya ya rubuta buhu nawa zai bayar da ranar da motarsa za ta sauka. Malam Liman, a yi mana addu'a mu fara.