Mun Rufe Talabijin, Kada Mu Rufe Ƙofa

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, mazajenmu da sunka bar aiki sunka zo, da ɗiyanmu da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya nuna muna wata shekara ta wagga ƙungiya tamu ta matan Horo Birni. Lissafin kuɗi an riga an karanta. Mu maganar da za mu yi ta wani abu ce da gidaje da dama cikinmu sunka aje, wato akwatin talabijin.

Kowa ya san yadda abin ya faro. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da anka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wuta ba ta da tabbas, sai janareta. A ce lita 1 yake sha kowane dare, a farashin wancan lokaci, a wata kun ga naira 30,000 ke nan, ban da kuɗin tashoshi ga masu biya. Gidan da ke jinyar maigida, ko wanda albasarsa ta ruɓe kafin ta ga kasuwa, ko wanda anka yi wa rasuwa, ina zai iya? Sai anka rufe akwatin da zane, wasu ma sunka sayar don sayen magani.

Ba mu zo zagin talabijin ba. Makon farko yara sun yi ta kumbure-kumbure, mu kanmu iyaye mun yi kewar Daɗin Kowa da Labarina na Arewa24. Mai damuwa kan samu sauƙi in ta kalli damuwar wani.

Amma da ƙarar janareta ta ɗauke, sai munka ji junanmu. Da, ana gama tuwo kowa ya zuba ido wuri guda har barci ya kwashe shi. Yanzu dole a yi magana. A nan yaro ke jin dalilin da ya sa miya ba nama, ya daina zaton rowa ce. A nan uwa ke gane ɗiyarta ta daina zuwa makaranta ne don takalminta ya tsinke tana jin kunya. Maigida da ya daɗe yana haɗiye maganar bashi shi kaɗai, ya faɗa, a nemi mafita tare. Kakanni kuwa sun samu masu sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Hannu ma bai zauna banza ba. Ana hira ana ɓarar gyaɗar ƙuli-ƙuli, ana ɗinkin hula, yara na tilawa da aikin makaranta ga fitilar sola. Labarin duniya kuma bai wuce mu ba, ga Rediyon Rima ga sashen Hausa na BBC, rediyo kuwa ba ya riƙe maka ido. Kuɗin man da anka rage, wasunmu zubin adashi sunka yi da shi, har akwai wadda ta ɗauka ta sayi jar akuya.

Sai dai akwai jan kunne guda biyu. Na farko, in an rufe babban akwati, ƙarami na cikin aljihu. Yaron da ba a ba wurin zama cikin hira ba, waya zai koma, TikTok da kuɗin data, ko ya tafi gidan kallon ƙwallo sai tsakar dare. A yi shawara da yara tun farko, a gaya musu gaskiyar halin da ake ciki.

Na biyu ya fi nauyi. Akwai 'yar uwarmu da talabijin ce kaɗai abokiyar hirarta: mai takaba da za ta yi wata 4 da kwana 10 a ɗaki, mai jinya, tsohuwar da ɗiyanta ke Sakkwato ko Legas wajen nema. Ita in ta rufe akwati ba hira take samu ba, shiru take samu, shirun kuwa da tunani yake zuwa. A nan ne aikin ƙungiya yake. Mu ba baƙi ba ne ga wanga aiki. A ƙasar nan tamu Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, ta kafa 'Yan Taru, jajinta na bin ƙauyuka a ƙafa suna kai wa mata ilimi har gida. Zumunci a ƙafa yake.

Don haka roƙonmu bana ɗaya ne. Kowace mamba ta zaɓi yamma guda cikin mako, ta ɗauki aikin hannunta, ta je ta zauna da wata da ke cikin hali. Ba sai da kuɗi ba, ba sai da kwano ba. Mazajenmu, izininku muke nema, ku kuma leƙa mazajen da ke kwance. Sakatariya za ta rubuta sunaye kafin a tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, Ya yaye muna wanga tsanani, Ya maimaita muna baɗi.