Wa Ke Riƙe da Kyamara?



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan irin fim ɗin nan da ake kira fim na gaskiya, watau wanda ba a ƙago labarinsa ba, aka ɗauki mutane na haƙiƙa a wurarensu domin a nuna tarihin wata ƙasa, ko al'adun wata al'umma, ko wasanninta, ko kuwa zaluncin da ake yi wa wani sashe nata. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda mun yarda da wannan karin magana, sai mu zauna gaban irin wannan fim mu saki jiki, abin da ba mu yi in da baki ake ba mu labari. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Kyamara ba ta da ƙafa, kai ta ake yi, kuma ba ta duban ko'ina sai inda aka juya ta. Saboda haka kafin mu gaskata abin da ta nuna, wajibi ne mu san wanda ya riƙe ta, da wanda ya biya shi, da abin da ya ba wa baya sa'ad da yake ɗauka.

Bari mu fara daga gida. Kakanninmu sun san wannan irin fim ta hanyar majigi. Motar gwamnati ta shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, bayan lisha a ta da inji, mai sharhi ya kama lasifika yana bayani da Hausa. Wanda ya aza harsashin wannan aiki wani jami'in kiwon lafiya ne, Bature, mai suna William Sellers, wanda ya fara amfani da fim a Legas a wajejen 1929 don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta kuwa ba shi shugabanci. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idodi: a yi komai sannu a hankali, kada a yawaita sauya hoto, kada a sa dabarar kyamara. Dalilinsa shi ne wai ƙwaƙwalwar baƙar fata na karkara ba za ta iya bin fim irin wanda ake nuna wa Turawa ba. Kun ga ke nan tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya an riga an yanke wa mai kallo hukunci.

Ba na musun cewa majigi ya yi amfani. An koyi tsabtar rijiya da rigakafi da gyaran noman gyaɗa da auduga. Amma duk darasin siffa ɗaya gare shi: ga mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ga wawa da ya riƙe ta gargajiya ya yi hasara. Talaka bai taɓa hawa ƙyallen nan ya faɗi yadda haraji ya yi masa nauyi ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne fim ɗin Daybreak in Udi na 1949, wanda ma'anar sunansa ita ce wayewar gari a Udi. An ɗauke shi a ƙasar Udi, kusa da Inugu. Labarinsa shi ne yadda mutanen wani ƙauye suka yi aikin gayya suka gina gidan haihuwa da taimakon Di'o, wani E. R. Chadwick, wanda ya fito da kansa a cikin fim ɗin, alhali wani mai faɗa a ji a garin yana ƙoƙarin hana aikin ta hanyar tsoratar da jama'a da dodanni. An rubuta labarin tukuna, aka koya wa mutane abin da za su yi, duk da haka a 1950 aka ba shi kyautar Oscar a Amurka a matsayin fim na gaskiya da ya fi kowane. To, ku dubi abin da ya auku a wannan yanki a shekarar da fim ɗin ya fito. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal da ke yajin aiki a mahaƙar Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, gwamnati ɗaya. Duniya ta ga gidan haihuwa ta tafa, ramin kwal kuwa sai a takardun kwamitin bincike. Ba sai mai fim ya shara ƙarya ba, ya ishe shi ya zaɓi inda zai tsaya.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, dole ta yabi kanta. To, mu ƙetara zuwa Nijar mu ga abin da ya faru ga mutumin da ba farfaganda ya zo yi ba. Jean Rouch Bafaranshe ne, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya shaƙu da mutanen bakin kogin Kwara, ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar su a fim, a Nijar ɗin kuma ya rasu a 2004. A 1954 ya bi 'yan ci-ranin Nijar zuwa Ankara, babban birnin Gana ta yau, ya ɗauki wani bikinsu na masu aljanun da ake kira Hauka. Waɗannan aljanu in sun hau mutum sai ya riƙa kwaikwayon Gwamna da Janar da sauran manyan mulkin mallaka. A cikin fim ɗin, mai suna Les Maîtres fous, an ga mutane suna kumfar baki, an kuma ga sun yanka kare sun ci. Rouch ya ce nufinsa ya nuna yadda waɗanda aka danne suke mayar wa masu mulkinsu da hotonsu. Amma da aka nuna shi a Paris a 1955, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suka ce Baturen da bai san kan al'amarin ba dabbanci kawai zai gani. Hukumar Ingila kuwa ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka, don ta gane da ita ake. Fim ɗaya ya ɓata wa mai mulki da wanda ake mulka rai, kowa da dalilinsa. Daga baya Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch ido da ido cewa masana irinsa suna duban 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Abin lura a nan shi ne yadda aka amsa wa Rouch. Umaru Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocina, yana aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan sa'ad da Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba, ya koyi aikin, ya koma bayanta. A ƙarshen shekarun 1960 ya fito da Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida daga yaƙin Turawa, abokai suka cinye kuɗinsa suka watse. A 1972 kuma ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Ganda bai ɓata lokacinsa wajen zagin kyamarar baƙo ba, ya karɓe ta ne ya faɗi nasa da bakinsa.

Yanzu ga misalin abin da wannan makami ke iya yi in ya shiga hannun wanda ake zalunta. A zamanin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, wanda ya kama daga 1948 zuwa 1994, gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa wajen nuna wa duniya cewa baƙaƙe suna cikin jin daɗi a yankunan da aka keɓe musu. Sai Nana Mahomo, ɗan gwagwarmaya da ke gudun hijira, tare da wasu abokan aikinsa Turawan Ingila, suka shirya aka ɗauki hotuna a ɓoye aka fitar da su daga ƙasar a asirce. Fim ɗin ya fito a 1974 da sunan Last Grave at Dimbaza, watau kabari na ƙarshe a Dimbaza. A wancan zamani Dimbaza sansani ne a yankin Ciskei inda ake jibge mutanen da aka kora daga garuruwa da gonakin Turawa. Fim ɗin ya jera gidan Bature da ɗakin mai aikinsa, ya jera makarantar wannan da ta wancan, sa'an nan ya ƙare a maƙabartar yara, inda aka ɗora wa wasu kaburbura kwalaben shan madara, aka kuma haƙa wasu ramuka tun kafin masu shiga su mutu. Da gidan talabijin na BBC ya nuna shi, gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi ta fafutukar ƙaryata shi, abin ya gagara. Ku lura, su ma waɗannan zaɓe suka yi. Sun ba wa wuraren shaƙatawa na bakin teku baya, suka fuskanci kaburbura. Bambancinsu da masu fim ɗin Udi shi ne sun nuna abin da mai iko ke ɓoyewa, ba su kuma ɓoye ɓangaren da suke ba.

'Yan'uwa, me wannan ya wajabta mana? Abu na farko shi ne kallo da tambaya. Ko a talabijin ne, ko a wayar hannu, mu tambaya: wa ya ba da kuɗin? Muryar wa ke sharhi, da wane harshe? Mutanen da ake nunawa, an bar su sun yi magana, ko kuwa an mai da su ado, wani masani daga nesa yana fassara su? Wa ya kamata a ji ta bakinsa ba a ji ba? Wannan ya shafi na cikinmu da suka fara aikin gwamnati ko suke shirin farawa, domin wata rana za a ce ku shirya fim a kan asibitin da aka buɗe ko hanyar da aka shimfiɗa. Ranar nan ku tuna da Udi. In kun ɗauki yankan ƙyalle da jawabin babban baƙo, ku koma bayan wata shida ku ɗauki ɗakin magani, ku ji ta bakin majinyata.

Abu na biyu shi ne adana abin da aka riga aka ɗauka. Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan ƙagaggen labari ne, amma abin da ya same shi darasi ne ga kowane irin fim. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajin hukumar finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. In fim mai wannan daraja ya yi shekaru a cikin ƙura, ina ga faifan labarai da hirarrakin da gidajen rediyo da talabijin namu suka ɗauka? Tarihin da aka bar wa gara da zafi, daidai yake da wanda ba a ɗauka ba.

Abu na uku, shi ne mafi gaggawa, mu ɗauki namu. Uzurin tsadar kayan aiki ya ƙare, don wayar da ke aljihun ɗalibi a yau tana ɗaukar hoto da murya tare, abin da ya gagari Rouch sa'ad da ya ɗauki masu Hauka. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, Hajiya Gambo Sawaba a 2001, waɗanda suka sha ɗauri da bulala tare da su kuwa saura ƙalilan. Sojojin da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tsufa, haka waɗanda suka bar gidajensu a dalilinsa. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979, da yawa daga cikinsu kuma suna nan a gidajenmu, ba wanda ya tambaye su yadda ranar ta kasance. A fagen wasa ma haka abin yake. Yawancinmu mun san Shago ne ta bakin Ɗan Anace, watau makaɗi ya yi mana aikin da ya iya. 'Yan damben yau fa, da masu kokawa, da marina, da majema, da masaƙa, wa zai tsaya musu?

Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗauki wannan a matsayin aiki. Kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya zauna da dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya, ya nemi izini, ya bayyana abin da za a yi da hirar, ya rubuta rana da wuri, ya bar mai magana ya kai aya ko da maganar ba ta yi masa daɗi ba. In an dawo a tara a ɗakin karatu, a ajiye kwafi fiye da ɗaya. Mu ma in mun riƙe kyamara zaɓe za mu yi, kuma jikokinmu za su yi mana tambayar da muke yi wa Sellers a yau. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma fa sai mai ita ya rera ta tun yana da murya.